Yoyon da Ba a Gani: Inda Ruwa Ya Fita, Nan Cuta Ke Shiga

Yoyo iri biyu ne a gidan da aka ja wa ruwan famfo. Akwai wanda kowa ke gani, wato kan famfon da ke ɗiga a tsakar gida, ko bututun da ya tsage yana feshi a gindin tanki. Wannan, komai sakacin masu gida, wata rana caɓalinsa zai ishe su har su kira mai gyara. Akwai kuma wanda ba a gani, wanda ke cikin bango, ko ƙarƙashin daɓe, ko a binne cikin ƙasa tsakanin bakin titi da zaure. Shi wannan na biyu yakan shekara yana ɓarna ba wanda ya sani, kuma a kansa nake son mu tattauna da ɗalibai da malamansu. Ra'ayina shi ne mun daɗe muna ɗaukar yoyo a matsayin hasarar ruwa kurum, alhali kuwa a garuruwanmu, inda ake kawo ruwa yau a ɗauke gobe, yoyo magana ce ta lafiya tun kafin ta zama maganar kuɗi. Gano shi kuwa bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na sakandare ba, muddin yana da rula da agogo da idon lura.

Bari mu fara sallamar maganar hasara, tunda ita aka fi sani. A yini da kwana akwai sakan 86,400. Idan famfo yana sakin ɗigo ɗaya kowane sakan, kuma muka ƙaddara girman ɗigon rubu'in mililita ne, to kafin gobe war haka lita 21 da 'yan kai sun tafi, wato saura kaɗan a cika jarkar ɗan garuwa mai lita 25. A wata guda an doshi jarka 26. Wannan fa ɗigo ne da ake iya ƙirgawa. Tsagar da ke ƙarƙashin ƙasa ba ta ɗiga, tsiyaya take yi. A shekarar 2006 wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ruwan da aka riga aka tace, amma yake zurarewa daga bututan biranen duniya, ya haura lita tiriliyan 32 a kowace shekara. Lissafi ne mai tayar da hankali, amma ba shi ne ya fi damuna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa a sa'ar da aka ɗauke ruwa. Muddin bututu yana cike, ruwan da ke ciki yana tura jikin bututun ta kowace fuska, don haka ko da akwai huda, hanya ɗaya ce: daga ciki zuwa waje. Wannan ƙarfin turi shi ne mai gadin ruwan sha, har ma ya fi kaurin bututun muhimmanci. To, da zarar an tsayar da injinan turo ruwa, sai abin da ya rage a bututu ya gangara zuwa unguwannin da ke kwari, ya bar bayansa fayau. Mai karatu ya tuna yadda ma'aikaciyar asibiti ke jan hannun sirinji baya, magani ya biyo ta cikin allura. Haka bututun yake zama. Hudar da ɗazu take tofar da ruwa ta koma baki mai zuƙa. Me kuwa za ta zuƙa? Abin da ke kewaye da ita, wato taɓon da ita kanta ta kwaɓa cikin makonni, wanda sau da yawa ya riga ya haɗe da ruwan kwata ko da abin da ke tsatsafowa daga masai. Duk wanda ya ratsa lungunan tsofaffin biranenmu ya ga bututan roba kwance cikin kwata, sun cukurkuɗe kamar taliya, kowanne da ɗaurin da aka yi masa. Ga kuma masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye da bututun titi domin su riga maƙwabta cika tanki. Su waɗannan, ko ana cikin ba da ruwa, suna haddasa irin wannan zuƙa a bututan da ke kusa da su.

Kada a ce ai hudar ƙarama ce. Ƙwayar cutar amai da gudawa, wadda masana ke kira Vibrio cholerae, tsawonta wajen maikiron 2 ne, milimita ɗaya kuwa maikiron 1,000 ce. Ke nan a hudar da faɗinta milimita ɗaya ne, wadda da ƙyar ido zai tsinkaye ta a jikin bututu mai datti, ƙwayoyi 500 za su jeru kai da wutsiya kafin su haye daga wannan gefe zuwa wancan. A wurinsu ƙofar gari ce. Gaskiya ne ana zuba wa ruwa sinadarin kulorin a matata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da ya saura a cikinsa ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita a inda ake ɗiba. Amma wannan ɗan guzuri ne na hanya. Da ya gamu da ƙazantar kwata sai ya ƙare wajen cin dattin, ƙwayoyin cuta su wuce abinsu. Saboda haka ana iya tace ruwa tas a Challawa ko Tamburawa, ya yi tafiyar kilomitoci lafiya lau, sa'an nan ya gurɓata a cikin taku ashirin na ƙarshe, tsakanin bakin titi da randar gida.

Masu rijiyar burtsatse kada su ce su sun tsira. Ranar da wutar lantarki ta yi nisan kiwo, tanki ya ƙafe, bututansu ma fayau suke zama, kuma galibi a fili ɗaya aka haƙa rijiyar da ramin masai.

Tarihi ya sha nuna wannan. A shekarar 1854 annobar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta birnin Landan, har likita John Snow ya bi gida-gida ya gano cewa galibin mamatan daga famfon rijiya guda suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da aka tarar da aka tona wurin daga baya: ramin masan wani gida, wanda gininsa ya ruɓe yana yoyo, bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba. Ba wanda ya gan shi, domin a ƙarƙashin ƙasa yake. Misalin da ya fi kama da halin da muke ciki kuwa shi ne na Dushanbe, babban birnin Tajikistan. A watanni shida na farkon 1997 kusan mutum 8,900 suka kamu da zazzaɓin taifot a birnin. An daina sa kulorin saboda rashin kuɗi, wannan gaskiya ne, amma masu bincike sun kuma tarar cewa ruwan da ke fita a famfunan gidaje ya fi wanda ke barin matata ƙazanta, domin ƙarfin turi ya faɗi, bututai kuma suna yoyo. Haka nan a tagwayen biranen Hubli da Dharwad na ƙasar Indiya, binciken da aka yi ya kwatanta unguwannin da ke samun ruwa dare da rana da waɗanda ake ba su jefi-jefi, ya tarar gurɓata ta fi yawa a na biyun, musamman a ruwan farko da ke fitowa idan an dawo da shi. A nan gida, a 2021 hukumomin lafiya na Nijeriya sun ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Ba a kan bututu kaɗai laifin yake ba. Akwai rijiyoyi marasa murfi da bahaya a fili. Sai dai wanda ke da famfo a gida shi ne ya fi kowa sakin jiki, shi ne kuma ba ya tafasa ruwa.

Na san abin da wani zai ce: mu da ruwan ma sai mu yi mako ba mu gan shi ba, ina mu ina zancen yoyo? Ai wannan shi ne dalilin. Birnin da ruwansa ba ya yankewa, yoyo kuɗi kawai yake ci masa. Mu da namu ke yankewa, kowace yankewa dama ce ga ƙazanta. Wani kuma zai ce manyan bututan hukuma sun fi na gidaje zubar da ruwa nesa ba kusa ba, a je a gyara su tukuna. Haka ne, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa wa hukuma lamba. Amma daga inda aka ja reshe zuwa gidanka, ba ma'aikacin da zai zo ya duba maka. In ba ka duba ba, ba mai dubawa.

To, yaya ake ganowa? Gwajin da ya fi sauƙi na tanki ne. Bayan an gama hidimar dare a cika tanki, a kashe inji, a ɗebi ruwan da za a bukata a bokiti, a gargaɗi kowa kada ya taɓa famfo ko ya kora ruwan bayan gida sai da safe. A tsoma sanda mai tsabta a yi alamar inda ruwa ya tsaya, a rubuta lokaci. Da sassafe a sake aunawa. Hawa tanki aikin babba ne. Yaro ya tsaya ƙasa da littafi da biro, domin lissafin nasa ne. A ce tankin mai da'ira ne, faɗinsa mita ɗaya. Rabin faɗin santimita 50 ne. A ninka 50 sau 50, a ninka da 22 bisa 7, za a sami 7,857. Ma'anarsa, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka, kusan lita 8 ta fita. Idan cikin awa 8 ya sauka da santimita 3, an rasa wajen lita 24, a yini da kwana wajen 70, a wata fiye da 2,000. Tanki mai murfi ba ya rasa abin a-zo-a-gani ta hanyar tururi cikin dare ɗaya, saboda haka kada a ɗora wa zafi laifi. Gidan da ke da mita, aikinsa ya fi sauƙi: a rufe komai, a karanta lambobin, a dawo bayan awa biyu.

Sanin akwai yoyo daban, sanin inda yake daban. A dare na biyu sai a rufe makullin da ke ƙarƙashin tanki. Idan ruwa ya ci gaba da sauka, to laifin na tankin ne, ko kuwa ruwan yana komawa ta bututun da ya kawo shi. Idan ya tsaya cak, ɓarawon yana cikin gida. Daga nan sai a bi reshe-reshe, yau a rufe na ɗakin girki, gobe na banɗaki, jibi na ɓangaren baƙi, har a ga daren da ruwa bai motsa ba. Malamai su lura, wannan shi ne ainihin abin da muke wahalar koyarwa a allo: a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, a auna, a kwatanta. Abin takaici, masu gini da yawa ba sa sa wa kowane reshe makullinsa, don tsimin abin da bai kai kuɗin buhun siminti ba, sai ranar neman yoyo a fasa daɓen gida gaba ɗaya.

Kafin a fasa komai, a fara tuhumar bayan gida na zamani, domin shi ne gwanin satar ruwa a ɓoye. Robar da ke toshe gindin tukunyar ruwansa takan taurare, ruwa ya riƙa silalewa ba ƙara. A zuba rabin kofi na zoɓo mai kauri, ko ɗan bula, a cikin tukunyar, a jira minti 30 ba a kora ba. In launi ya bayyana a ƙasa, an kama shi. Sa'an nan akwai kunne. Cikin tsakar dare, a ɗora tsinin dogon sukundireba a kan bututu ko kan famfo, a manna kunne a ƙotarsa; ruwan da ke kurɗawa ta tsaga yana wani siririn huci da ba ya yankewa, kuma yana ƙara ƙarfi idan an matso kusa da shi. Dabarar da likitan Faransa René Laennec ya yi ke nan a 1816, da ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin maras lafiya, har ta zama na'urar da likitoci ke ratayawa a wuya. Sai dai bututun ƙarfe ya fi na roba kai sauti nesa, don haka shirun bututun roba ba shaidar lafiyarsa ba ne.

Gwajin tanki yana da iyaka, kuma iyakar ta faɗo daidai inda hatsari ya fi yawa: ba ya faɗin komai game da bututun da ya taso daga titi kafin ya iso tanki. A nan ne ilmin halittu ke shigowa, domin tun kafin mai gida ya farga, akwai waɗanda suka riga shi sanin inda ruwan yake. Lokacin tambayarsu shi ne tsakiyar rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau. Da damina kowa kore ne, shaida ba ta da amfani. A bi layin da aka binne bututu a hankali. Inda aka ga kiri-kiri ko aya-aya sun yi kore shar a wuri ɗaya, alhali kewayensu ƙura ce, a tsaya a yi tambaya: wa ke ba su ruwa? Tana da fatarta take numfashi, kuma dole fatar ta kasance a jiƙe, shi ya sa da rani take nutsawa can ƙasa. Ganin sabon kashin tana a watan Maris magana ce babba. Haka kwaɗon da ya tare a gindin katanga, da kyankyasan da suka yi sansani a bayan wani bulo. Gara ma jikinta ba ya jure bushewa, tana kuma son itacen da ya sha danshi, amma ita shaidarta ba ta isa ita kaɗai ba, domin tana iya haƙa ƙasa da nisa ta ɗauko ruwanta.

Itatuwa kuwa an daɗe ana zaluntarsu a wannan shari'a. Mai gyara ya tona ya tarar saiwar darbejiya ko cediya ta cusa kai cikin bututu, sai a yanke hukunci a sare itacen. Alhali saiwa ba ta da hanyar sanin akwai ruwa a cikin bututun da ba ya yoyo. Abin da take bi shi ne bambancin laima a cikin ƙasa, tana karkata zuwa inda ya fi danshi. Galibi mahaɗar bututun ce ta fara saki, saiwar ta biyo sawu, ta shiga, ta yi kauri, ta buɗa tsagar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sare itacen a bar mahaɗar, an yi hasarar inuwa, yoyon yana nan.

A cikin ɗaki, shaidun su ne funfuna mai baƙaƙen ɗige-ɗige da warin danshin da ke tare da ita, da fentin da ya kumbura yana ɓarewa, da farin gari mai kama da kanwa a jikin bango, wanda ba komai ba ne illa gishirin siminti da ruwa ya narkar ya fito da shi, ya bushe ya bar shi. A waje kuma, inda rana ke samu, gansakuka. Ita funfuna ba ƙazantar ido kaɗai ba ce. Ƙurar da take saki tana tayar da asma da tari, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshin ɗaki a 2009. Amma a yi hattara, ba kowace laima ce yoyo ba. Wadda ke hawowa daga ƙasa takan yi layi a gindin bango duka, ta zo da damina ta tafi da ita. Ta yoyo tabo ce a wuri guda, ba ruwanta da kaka ko bazara. Mai shakka ya zagaye tabon da alli, ya rufe reshen da yake tuhuma kwana uku ko huɗu, ya ga ko tabon zai ja da baya daga layin allin. A ginin ƙasa kada a yi jinkirin wannan ko kaɗan, domin katangar da gindinta ya jiƙe ba ta yin sallama kafin ta faɗi.

Akwai kuma sauro. Ana mamakin zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar rani, alhali ɗan kududdufin da yoyo ke ciyarwa a bayan gida ya ishe shi: a lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Lamarin ya ƙara nauyi tun da aka gano sauron Asiya mai suna Anopheles stephensi a Jihar Gombe a 2020, wanda shi a birni ya fi jin daɗi, a tankuna da duk wani ruwa da mutum ya tara.

Idan an gano wurin, saura gyara, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan al'adarmu ta yanko tsohon tayar ciki ta keke a naɗe tsaga da ita. Wannan ɗauri yana rage feshi, ido ya huta, amma ba ya hana zuƙa. A yanke wurin da ya lalace a sa sabo da mahaɗa ta gaskiya. A fitar da bututu daga cikin kwata. In dole ne ya haye ta, ya haye ta sama, a cikin wani bututun da ya fi shi faɗi. Na roba a binne shi, domin rana tana gasa shi ya yi gautsi. A gidan haya, inda mai gida ke cewa ba shi ke sha ba, 'yan haya kuma suna cewa ba gidansu ba ne, takardar awon dare uku ta fi cacar baki tasiri, don lamba ba ta da ɓangare.

Kira na ga malaman kimiyya shi ne su ɗauki wannan a matsayin aikin gwaji na zango guda. Makarantun kwana da yawa suna da tanki, da layin bututu zuwa ɗakunan kwana da ɗakin girki, ga ɗalibai masu ido. A raba su rukuni-rukuni: waɗannan su auna tanki, waɗancan su zana taswirar bututan makaranta su sa alama a duk inda suka ga kore ko gara ko gansakuka, wasu su ƙirga ɗigo cikin kwalbar awo su gano girman ɗigon famfonsu maimakon su karɓi nawa ƙiyasin. Inda akwai jami'a ko kwaleji a kusa, a kai ruwan farko da na bayan awa ɗaya a gwada. Ƙa'ida ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100. Bayan an yi gyara a bar ruwa ya zuba har ya washe, a wanke tanki, a ci gaba da tafasa na sha na 'yan kwanaki, sa'an nan a sake tsoma sanda a dare na gaba, domin bututun da ya tsufa har ya tsage a wuri ɗaya ba safai yake tsayawa a nan ba.